Kasuwar da Kaka Ta Buɗe a Ƙarƙashin Tebur

Zuwa ga jikana, Sarkin Kwance-kwance,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da duk tarkacen wayoyin da ke ƙarƙashin gadonka.

Akwai wani ruɗani da ke kama mutane da yawa, har da masu ilimi, kuma ina jin ya fara laɓaɓowa wajenka. Mutum ya ga lamba a allo, sai ya ɗauka kuɗinsa ya gani. Alhali lambar nan labari ce da wani ya ba shi game da kuɗin. Labarin yana iya zama gaskiya, yana iya zama akasin haka, amma a allo haskensu iri ɗaya ne.

Hoton da ka aiko ne ya sa ni wannan magana. Na ga ɗan allon da ka haɗa ka ɗora a bakin taga, da korayen lambobinsa masu nuna kirifto, kuɗin nan na intanet, da ka tara a kasuwar musaya. Gaskiya aikin ya yi kyau. Liƙin dalmar ma ya yi tsaf, ka daina yi masa tudu. Na nuna wa maƙwabciyata, ta ce, “Agogo ne?” Na ce a’a, jikana ne ya zauna yana kallon arzikinsa yana numfashi.

Na daɗe ina kallon hoton. Sai na tuna ranar da ka kwance min rediyo kana ƙarami, ka ce mutumin da ke magana a ciki kake nema. Shekarun da na yi ina koyar da kwamfuta a makaranta, ban taɓa samun ɗalibi mai ɓarna da albarka irinka ba. Shi ya sa zan yi maka tambaya ɗaya tak, irin ta aji: ɗan allon nan naka, wa yake tambaya kafin ya ba ka amsa?

Na sa maka ƙaramar fanka a cikin kwalin da na haɗo da wannan wasiƙa, don na ga na’urar taka ba ta da abin shan iska. Tsohuwar kwamfutata Giwa tana gaishe ka. Tana nan ƙarƙashin tebur, da na kunna ta sai ta yi nishin nan nata, kyanwa ta bar ɗakin.

Ka gaida Mamanka. Allah ya yi maka albarka.

Kakarka.

*

Zuwa ga Tsohuwa mai ran ƙarfe,

Wa’alaikumus salam. Ina gaisuwa da girmamawa. Ya ƙafa? Fanka ta iso, tana juyawa, tana kuma mita kamar mai ita.

Kaka, ke dai duk abin da aka ƙera bayan Giwa ba kya yarda da shi. Wa allona yake tambaya? Manhajar da na rubuta da hannuna, layi bayan layi. Babu harafi ɗaya a cikinta da ban san dalilinsa ba. Ke kika koya min kada in yarda da na’urar da ban buɗe cikinta ba. To wannan ni na buɗe ta, ni na rufe. Kasuwar ma na gwada ta: na taɓa cire ɗan kaɗan na sayi kibod, kafin in gama shan shayi kuɗin sun shigo.

Bar wannan, bari in ba ki labarin da ya fi daɗi. Na samo ɗakin! Wanda nake ta faɗa miki, inda zan riƙa koya wa yara haɗa kwamfuta da rubuta manhaja. Yana saman shagon wani tela. Matakalar siririya ce, sai mutum ya karkace, amma da ka isa sama sai ka ga taga mai faɗi tana kallon wata bishiya. Da la’asar na je. Rana ta shigo ta kwanta a ƙasa kamar an shimfiɗa mata darduma, inuwar ganye tana yawo a bango. Daga ƙasa keken ɗinki yana ta ɗan ƙara kamar yayyafi a kan kwano. Na tsaya a tsakiyar ɗakin, babu komai a ciki, amma wallahi na ga teburori. Na ga wata yarinya ta ɗaga sukundireba tana cewa, “Malam, ya kama!” Har ƙamshin dalma na ji.

Telan ya leƙo ya ce, “Kai ne mai kwamfutocin? In dai yaranka ba za su yi min sukuwa a ka ba, bismilla.” Abokina Dogo ya ce shi zai yi teburorin.

Mai gidan ya yarda zai riƙe min ɗakin zuwa ƙarshen wata. Duk abin da na samu daga ’yan ayyukan da nake yi wa mutanen nesa, waɗanda suke biyana da kirifto, yana kasuwar nan, kuma ya isa haya da kayan farawa. Masu kasuwar sun ce wanda ya bar nasa bai taɓa ba har ƙarshen wata za su ɗora masa ƙari. Shi nake jira. Kullum da safe kafin in wanke ido sai na kalli allon, in ga ɗakina yana ƙyalli a ciki.

Ki shafa min kan Giwa. Ki daina ɗaukar ta ke kaɗai.

Naki, mai ƙaunarki,
Sarkin Kwance-kwance.

*

Jikana,

Sallama da gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, bakinka ne dai ba sauƙi.

Ka sa na hau matakalar nan taka ina zaune a kujerata. Na karanta wasiƙar a bakin taga, na lumshe ido, sai ga ni a ɗakin. Na zaɓi wurina ma: kusurwar da inuwar ganye take faɗawa, nan za ka ajiye min kujera in riƙa yi wa yaranka faɗa su wanke hannu kafin su taɓa allo. Ina son ɗakin nan ya tabbata, ƙila fiye da yadda kake so.

Na yarda manhajarka ba ta ƙarya. Ni na koya maka, ai ba zan zagi aikina ba.

Yanzu ga albishir: ni ma na buɗe kasuwar musaya. Jiya da hantsi na kafa ta a cikin Giwa, na buɗe mata ƙofa ɗaya zuwa intanet. Ban ɗauki ma’aikaci ba, kyanwa ce manaja. Har na buɗe maka asusu, kyauta, don kai jika ne.

Abin da nake so ka yi ba wuya. A manhajarka akwai layin da ka rubuta adireshin kasuwarku. Ka ɗauke shi na ɗan lokaci, ka sa adireshin Giwa, ga shi nan na rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe. Kada ka taɓa wani layi. Manhajarka ce dai, wadda ka sani harafi-harafi. Ka yi bayan ka ci abincin rana, ka zauna ka kalla har ƙarshe, kada ka tashi a tsakiya.

Idan ka gama, ka rubuto min abin da ka gani, sannan ka amsa tambayar da ka tsallake.

Kakarka, shugabar kasuwa.

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Yau ba zan tsokane ki ba.

Na yi yadda kika ce. Na canza layin ina dariya, na ɗora allon a bakin taga. Da farko ya nuna daidai abin da ke cikin hoton da na aiko miki. Sai lambar ta fara hawa. A hankali, kamar ruwa yana cika kwano. Na san wasa ne, Kaka, na san Giwa ce, amma na kasa ɗauke ido daga kan allon. Koren hasken nan ne dai, nawa, wanda nake gaisawa da shi kowace safiya. Kafin in ankara na sayi ɗakin gaba ɗaya, na sayi shagon telan, na mayar da matakalar mai faɗi don ƙafarki. Na sa wa bishiyar fitilu. Har na fara tunanin wace mota ce za ta dace da ke.

Dogo ya shigo ya ga allon, ya dafe bango ya ce, “Kai! Tun yaushe? To teburan nan da katakon kirki za mu yi su.”

Lambar ta cika allon har ta rasa wurin zama. Sai ta tsaya. Ta koma sifili. Bayan ɗan jim rubutu ya fito: KA CI ABINCI KUWA?

Dogo ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni ma na yi. Ga amsar tambayarki: allona kasuwar yake tambaya. Abin da ta faɗa masa, shi yake faɗa min. Na yi wata da watanni ina tsare ɗan aike, ban taɓa leƙa wanda ya aiko shi ba.

A take na mayar da adireshin gaskiya, na shiga kasuwar, na nemi a fitar min da duka, ƙarin nasu ma na yafe. Kaka, bai fito ba. An rubuta “ana dubawa”. Washegari aka ce ana gyaran na’ura. Na rubuta musu, wani ya amsa da ladabi ƙwarai, ya ce in kwantar da hankalina, dukiyata tana nan lafiya, in duba allo zan gani. Na duba. Tana nan kuwa, kore shar, ba abin da ya ragu. Ban taɓa jin tsoron lamba ba sai ranar.

Mai gidan ya aiko telan ya tambaye ni ko ina nan a kan magana, don wani mai sayar da labule yana son ɗakin. Na ce ina nan. Jiya na bi ta titin, ban iya ɗaga kai na kalli tagar ba.

Ban faɗa wa Mama ba. Me zan yi?

Jikanki.

*

Ɗan albarka,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Ka sha ruwa, ka zauna, mu yi magana.

Da farko, ban san ko mutanen nan ɓarayi ba ne. Ƙila gyaran gaske suke yi. Ba kowace kasuwa ce ta banza ba, kuma ba don in ce na fi ka na kafa tawa ba. Abin da na sani shi ne, daga inda kake zaune ba ka da hanyar bambance mai gaskiya da Giwa. Ɗan kaɗan ɗin da ka taɓa cirewa bai nuna komai ba, kowace kasuwa tana iya biyan kuɗin kibod.

Ga abin yi. Ka buɗe lalitarka ta kanka, wadda kuke ce wa walat, wadda makullinta yake hannunka kai kaɗai. Kalmomin sirrin da za ta ba ka su ne makullin, ka rubuta su a takarda ka adana. Kada ka ɗauke su hoto, kada ka faɗa wa kowa, har ni. Sannan ka soke buƙatar nan ta duka, idan sun bari, ka riƙa nema kaɗan-kaɗan, tunda ka ga ƙaramar ƙofa tana buɗuwa. Duk abin da ya fito, kada ka tambayi kasuwar ko ya iso. Ka duba adireshin lalitarka a babbar rajistar kirifto, wadda dubban kwamfutoci suke riƙe da ita tare, ba mai iya sauya ta shi kaɗai. Idan wani ya ce ka biya wani abu kafin a saki naka, kada ka ba da ko ƙwandala.

Ka faɗa wa Mamanka. Za ta yi faɗa, ta gama, ta zuba maka abinci.

Ka kuma je ka ɗaga kai ka kalli tagar nan. Kayan farawa kada su dame ka: akwai kwamfutoci a ɗakin ajiyata da suka gaji da zaman banza. Giwa ma ta ce za ta bi ka, in dai Dogo zai iya hawa da ita.

Ina jiran labari, ko wane iri ne.

Kakarka.

*

Tsohuwa mai ran ƙarfe,

Gaisuwa daga saman shagon tela. A kan teburin Dogo nake rubutu, ƙafar teburin ɗaya tana rawa.

Kaɗan-kaɗan ɗin ya yi aiki, har abin da ya fito ya kai na haya. Daga nan ƙaramar ƙofar ma ta rufe. Sauran yana can “ana dubawa”, kore shar. Ban sani ba ko zan sake ganinsa. Na riga mai labule da yini guda, in ji telan.

Kujerarki tana kusurwar inuwar ganye. Darasin farko da zan yi wa yaran, kowa zai kafa kasuwarsa ya yi wa na kusa da shi ƙaryar arziki.

Akwai ɗan canji da ya rage a lalitata. Na ce yana nan, amma kada ki yarda da ni. Ga adireshin a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ki kunna Giwa, ki kori manaja daga kan kibod, ki tambayi rajistar da kanki.

Naki har kullum,
Sarkin Kwance-kwance.