Fata Ta Wanda Ya Fara Gani Ce

Savissivik, 9 ga Maris

Zuwa ga ɗana Mamarut,

Gaisuwa mai yawa daga mahaifiyarka, da fatan kana lafiya kai da matarka da jikata da na sani a hoto kawai. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan ƙalau, in ban da gwiwa. Rana ta dawo bayan watannin duhu, amma garin sai raguwa yake. Gida bakwai kawai nake ganin fitilarsu ta taga.

Zaman tagar nan ne ya jawo wannan wasiƙa. Ranar Talata da hantsi na hango wani abu yana motsi a kan ƙanƙarar teku. Farin beyar ne, ƙaton naman dajin nan mai gashi, namiji, ramamme, don bana teku ya makara wajen daskarewa, shi kuwa in babu ƙanƙara babu farauta. Ya bar gadin ramukan da dabbobin ruwa ke leƙowa su shaƙi iska, ya biyo warin naman da muke ajiye wa karnuka. Na fita ko safar hannu babu, ina ƙwala kira. Kawunka Ilannguaq ne ya harbe shi, amma ka san al'ada, fata ta wanda ya fara gani ce. Har yau yana tsokanata, wai ga shi da bindiga da kare goma sha biyu, tsohuwa mai shan shayi ta ƙwace masa beyar daga kan kujera. Na ce masa kaɗaici ma da ranarsa.

Na kankare fatar, na wanke, ta bushe. Ilannguaq ya roƙa wa surukinsa ita, wai kai mai zaman ofis a birnin Aalborg me za ka yi da wandon fatar beyar da nake son ɗinka maka. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen Afrilu.

Jiya na shimfiɗa ta, na ɗauki wuƙa, sai na tsaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da kai, ban san ƙugunka ba yanzu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to nawa ya daɗe bai gan ka ba. Kada ka aiko mini da awo a takarda, da tafin hannu nake auna mutum. In ba za ka zo ba, faɗa mini kai tsaye in ba kawunka fatar, ba zan yi fushi ba. Sai dai ka sani, da ƙyar nake zura zare a allura bana, baɗi kuwa ban yi alkawari ba.

Ka gaida matarka Birthe. Ka gaida Naduk, ka ce mata kakarta ta riga kowa ganin beyar.

Mahaifiyarka,
Tukummeq