Dukushin Zabuwa

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Zabuwa ta haihu da hantsi. Namiji! Goɗiyar nan ita kaɗai Baba ya bar mini, kuma 'ya'yanta biyu sun ci sukuwa a Katsina. Uban wannan kuwa Harsashi ne, ingarman Kawu Ɗantsoho na Safana, wanda ɓarayin daji suka kore bara, wata ɗaya bayan ya hau ta. Shi ne ɗansa na ƙarshe ke nan. Har ƙwalla na yi, Allah ya sa Hansatu matata ba ta gani ba.

Laraba, 5 ga Yuni
Kawu ya zo ganin ɗan dokinsa, in ji shi. Ya yaba ƙirji, ya yaba tsawon ƙafa. Da ya shafa ƙasan wuya sai ya janye hannu. Gashin wurin ya murɗe gida biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ya ce, "Surajo, hidda wanga dukushi gidanka. Mai wagga shaida ubangidanshi yaka biznewa." Wai dokin da ke da wannan alama sai ya binne mai shi. Na ce, Kawu, ni fa malamin Islamiyya ne, camfi shirka ne. Ya ce, "To, Malam." Ko ruwa bai sha ba ya hau babur.
Na ji haushi. Mutum ya tsufa da carbi a hannu, yana tsoron gashin doki.

Asabar, 22 ga Yuni
Dukushin na tsere da inuwarsa a bayan gida. Wallahi gudun ubansa ne sak.

Alhamis, 15 ga Agusta
Hansatu ta ji maganar a gidan suna. Ta hana ɗiyarmu Khaula zuwa wajen turke. Na yi mata wa'azi mai tsawo. Ta ce, "Malam, na ji, amma ɗiya ɗaya gare ni."
Zabuwa ta tsufa, da wuya ta sake ɗaukar ciki. In na rabu da dukushin, jinin nan ya bar gidan Baba ke nan. Ba inda za shi.

Lahadi, 8 ga Satumba
Na kama kaina ina taje wa dukushin gashin wuyan, wai ko ya kwanta. Bai kwanta ba.

Talata, 8 ga Oktoba
Khaula ba lafiya. Zazzaɓi, har da suma. Muna asibiti. Sauro ne, rabin yaran Batsari na kwance, na sani. Kawu ya ce ubangida, bai ce ɗiya ba. Me ma ya kai ni auna maganarsa?

Alhamis, 10 ga Oktoba
An ƙara mata ruwa, ba ta gane ni ba. Hansatu kallona kawai take yi. Gara a ce ta zage ni. Ina jin tsoro, ban taɓa jin irinsa ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Ƙanena Ikrima ya zo dubiya daga Karare. Tun yana yaro yake son doki, bai taɓa mallaka ba. Na ce ya tafi da dukushin, ciyawa ta fi yawa can. Ya ce, "Kiwo zan yi maka, Yaya?" Na ce a'a, naka ne, halak malak. Ya riƙe hannuna yana ta sa albarka.
Ban nuna masa wuyan ba. Bai tambaya ba.

Litinin, 14 ga Oktoba
Khaula ta sha kunu, ta nemi takalminta. Alhamdu lillahi. Allura ce ta yi aiki da ikon Allah, ba wani abu ba.
Zabuwa na ta haniniya, ta ƙi dusa. Nononta ya kumbura. Na yaye ɗanta da wuri, na sani.

Lahadi, 3 ga Nuwamba
Yau darasin manyan ɗalibai ya iso babin camfi. Na ce mu tsallake zuwa tsarki, lokaci ya ƙure.
A waya Ikrima ya ce dukushin har a hannunsa yake ci, ya sa masa suna Kyautar Yaya. Gobe zai bi hanyar daji zuwa kasuwa, na ce ya bari sai an samu ayari. Ya yi dariya, ya ce, "Yaya, yaushe ka zama matsoraci? Kiranka na uku ke nan yau."
Gaisuwa ce kawai. Ƙanena ne.
Bari in sake gwada lambarsa.