Gora Biyu, Mai Biyu

Zuwa ga Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Abdussalam da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan mun gama cirar gyaɗa, alhamdu lillahi, amma wani abu ya faru a gida da dole in gaya miki.

Ranar Laraba na ce bari in canza wa a-kori-kurar nan man giya, don giyar ta fara gurnani. Kin san a Tsanyawa a gorar ruwa ake auna mana shi, kamar yadda ake auna man gyaɗa, kuma sabonsa kalarsu ɗaya. Na ajiye tawa a zaure, kusa da gorar man gyaɗan Inna, na ɗauki ɗaya ban duba ba. Na shiga ƙarƙashin mota, na kwance notin ƙasa, tsohon man ya tsiyaye baƙi ƙirin, na ɗaure. Na sa tiyo na fara ɗura sabo, sai ƙanshin ƙuli-ƙuli ya daki hancina. Yaya, ashe man gyaɗa na ɗauko.

Ko takalmi ban tsaya nema ba. Na tarar Inna ta kwarara wa 'yata Huseina ɗaya gorar a kan garau-garau. Yarinyar ta ce mata da ɗaci, Inna ta ce tsirfa ce irin ta ubanta, ta ci gaba da ba ta a baki. Ga mota a ƙofar gida ba halin tashinta. A babur ɗin maƙwabci muka kai ta asibiti, uwarta Humaira na rungume da ita tana kuka. Sun riƙe ta, sun ce kaɗan ta ci. Yanzu ta warware, har tana neman rake.

Inna ce ke ba ni tsoro. Da na ɗora mata gorunan a hannu, ta kai su dab da fuska ta daɗe, sannan ta ce tun damina da murya take gane mu, hancinta ma ya daina jin komai. Ta bar shiga madafa, ba ta ko yi mini faɗa. Ta ce kada in gaya miki. Ga shi na gaya miki. Za mu kai ta Kano a duba idon, amma don Allah kada ki jira Sallah. Ki zo tun tana iya ganin fuskarki.

Ki gaida Malam da Fauziyya da Najib. Humaira na gaishe ki.

Ƙaninki,
Dabo