Inna, Zan Sare Fiyarki

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na ɗauki alƙalami ne in kawo miki ƙarar mijinki.

Bishiyar fiyar nan da kika roƙo ƙwallonta a gidan Baturen kuza a unguwar Rayfield, kika binne bayan madafi muna yi miki dariya, bana ta yi 'ya'ya har reshe ya karye. Ita ce ta hana ni sukuni.

Tun bayan rasuwarki Baba ke dafe ƙirji in ya hau tudun masallaci. Likita ya ce kitse ya yi masa yawa a jini, ya ba shi ƙwayoyi, ya hana shi tsire da man shanu. Sai ga Malam Bitrus, maƙwabcinmu, wanda ke ba ɓeraye da zomaye abinci a gidan binciken dabbobi. Ya zauna a shagon Baba ya ce wai ɓerayen da suke ba fiya, kitsen jininsu ya ragu.

Kin san ni da rashin yarda, Inna. Mutumin da duk Litinin yake ɗaure kwandon fiyarmu a bayan kekensa kyauta, me zai ce in ba haka ba? Na tare shi a ƙofar gida na titsiye shi. Bai yi mini ƙarya ba. Amma ya ce bayan 'yan makonni yanka ɓerayen ake yi a duba hantarsu, kuma ba a gwada a jikin mutum ko ɗaya ba. Wato ba wanda ya taɓa ganin ɓeran da ya tsufa a kan fiya. Ɓera kuma ba ya aikawa unguwar Kwararafa a sayo masa tsire da yamma, Baba kuwa yana yi, ya ce fiya za ta wanke.

Jiya ina neman maɓalli a aljihun keken ɗinkinsa, sai na tarar da ƙwayoyin asibiti cikin gwangwanin allura. Wata biyu yana ce mini ya sha. Ke kike yawan cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, ban taɓa zaton a kan Baba zan gani ba.

Da na ajiye gwangwanin a gabansa bai musa ba. Ya ce shi ba ruwansa da ɓeran kowa, hannun da ya dasa bishiyar nan shi ya ciyar da shi tun yana saurayi, ba zai cuce shi yanzu ba. Na yi kuka, Inna. Daga baya na zauna ina tunani: da gaske yake, ko ya gane sunanki ne kaɗai ke rufe mini baki? Har yanzu ban sani ba.

Abin da na sani, muddin bishiyar nan tana tsaye ba zai taɓa gwangwanin ba. Na yi magana da mai gatari, zai zo ranar Asabar in Baba ya tafi shago. Ina kewarki, kuma duk gidan nan ita kaɗai ta rage mai rai daga aikin hannunki in ban da mu. Amma ba zan ba ki Baba yanzu ba. Ki yafe mini.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sa in ba kuskure zan yi ba, ya huci zuciyar Baba a kaina.

'Yarki mai taurin kai,
Hajara