Langar da Muka Taho da Ita Daga Kaduna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin sauƙi da haske a makwancinki. Mu nan Makoda muna lafiya. Maigidana Malam yana nan ƙalau, yara ma haka. An gama yankan gero, ana jiran dawa.

Dalilin wannan wasiƙa, Inna, shi ne in sanar da ke na kai langar nan Kaduna, kamar yadda kika ce. Na san ba karantawa za ki yi ba. A waya nake rubutawa, waɗansu ne za su gani, su kuma ina roƙonsu su sa ki a addu'a. Amma ke kika aike ni, kuma ke kika koya mini cewa ɗan aike ba ya kwana da amsa a bakinsa.

Bari in ɗauko daga farko, ko zuciyata ta samu ta sauke.

Da bazarar nan da ciwon cikinki ya ƙi jin magani, Yaya Habu ya ce a kawo ki Kaduna, wai maigidan da yake tuƙa wa mota ya san wani likita. Ke da ba ki taɓa wuce Kano ba. Ranar tafiya muna ta sauri, ke kuwa kina zaune kina ƙulla daddawa da garin kuka da ƙuli-ƙuli da dabino a tsohon zane. Na ce asibiti fa za mu. Kika ce, "Asibitin a cikinsa za mu kwana? A gidan wani za mu sauka. Hannu rabbana za mu shiga gidan mutane?"

Yaya Habu ɗaki ɗaya yake kwana da waɗansu direbobi, babu inda zai ajiye mu. Shi ya sa maigidansa ya kama mana ɗaki a wani ƙaramin otal kusa da asibitin, Allah Ya saka masa. Muna shiga muka tarar da wata budurwa a bayan kanta, tana danna waya. Kika gaishe ta, kika tambayi iyayenta, sannan kika ce ta yi mana iso wajen matar gidan. Yarinyar ta danne dariya, ta ce, "Mama, nan otal ne." Kika dube ta, kika dube ni, kika ce, "To, otal ɗin ba shi da uwa?"

Yaya Habu ya ji kunya, ya ja hannunki muka hau bene. Ni ma na yi dariya ranar. Ban san wannan tambayar ce za ta hana ki cin abinci ba.

Ɗakin nan na tuna shi sarai. Kin taɓa gadon kika ce haɗiye mutum yake yi, kika shimfiɗa dardumarki a ƙasa. Kin sa na kashe na'urar sanyi, wai tana shiga ƙashi. Kullum kafin mai shara ta iso, kin riga kin tsince ɗakin da hannu, kin gyara gadon da ba ki kwanta a kai ba, don kada masu gida su ce ƙazamai aka sauke musu.

Da muka ga likita ya ce jininki ya yi ƙasa ƙwarai. Ya rubuta magani, ya ce a ci abinci sosai, in ba haka ba babu zancen aiki. Sai Yaya Habu ya sauko da mu ɗakin cin abincin otal ɗin. Tebura da kujeru, maza da mata suna ci suna kallon juna, talabijin na ta surutu a bango. Aka miƙo wata takarda mai sunayen abinci. Aka kawo soyayyiyar shinkafa da kaza da kabeji mai wani farin abu a kai, ga cokali mai yatsu an naɗe shi a farar takarda kamar jariri. Kika ja mayafi kika rufe rabin fuskarki. Ko loma ɗaya ba ki kai ba.

Na ɗauka idon mutane ne, na sa aka riƙa kawo mana ɗaki. Nan ma kika ƙi. Kika ce, "Uwani, ni ban gai da mai gida ba, mai gida ba ta leƙo ni ba. Ban san hannun da ya tuƙa ba. Wannan ba abincin baƙo ba ne, na wanda aka jefa wa ne." Furar da muka taho da ita ta yi tsami. Sai ƙuli-ƙuli kike ɗan tsotsa da ruwa. Yaya Habu ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya fita yana share ido. Ni kuwa ina kallon wuyanki yana ƙara tsawo.

Ranar da kika kasa miƙewa sallar azahar sai a zaune, na ɗauki ƙullin daddawar da kukar na sauka. Na bi ƙanshin albasa har bayan ginin, na tura wata ƙofa da aka hana baƙi shiga. A nan na ga Maman Jummai, mai dafa abincin otal ɗin, doguwa mai jiki, da farar hula a kanta, zufa na bin wuyanta. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, Kirista. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye ƙullin a gabanta, na faɗa mata komai. Ta yi dariya har ta dafa tebur. Sai ta kwance ƙullin ta shinshina daddawar, dariyar ta tsaya. Ta ce, "Tsohuwata ma haka za ta yi. Wane ɗaki kuke?"

Washegari da la'asar aka yi sallama a ƙofa. Ita ce, ta cire hular aikin ta ɗaura ɗankwali. A hannunta ba farantin otal ba ne, langa ce koriya daga gidanta, murfin ya ɗan ɓantare a gefe. Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta ce, "Mama, ni ce matar gidan. Ki yafe ni, ban zo da wuri ba."

Inna, yadda kika gyara zama! Kika ce, "Yanzu na ji magana. Baƙo ya kwana ya tashi a gidanki ba ki leƙo ba? Wa ya rene ki?" Ta ce, "Laifina ne, Mama." Kika ce, "To, Allah Ya yi miki albarka. Ina yaran?"

Tuwon masara ne da miyar kuka, da daddawarki a ciki. Kika wanke hannu kika yi bisimilla. Kina ci kina cewa gishiri ya ɗan yi yawa, kina ƙara loma. Ni na juya ina kallon taga don kada ki ga fuskata.

Daga ranar langar nan ba ta huta ba. Ta hau da tuwo, ta hau da fate, ta hau da kunun gyaɗa. Ba ki taɓa bari ta sauka wayam ba. Ki sa in wanke ta a wurin wanke hannu, ki zuba ƙuli-ƙuli, da ya ƙare kika koma dabino. Maman Jummai ta ce ki daina wahala. Kika ce, "Kwanon mutane ba ya komawa da yunwa."

Jininki ya hau. Na yi murna har na kira Malam a waya. Amma da suka sake ɗaukar hoton cikin, likita ya kira ni da Yaya Habu gefe. Ya ce abin ya riga ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba, mu kai ki gida mu kula da ke. Ba mu faɗa miki ba. Ba ki kuma tambaya ba. Kika ce dai, "A haɗa kaya, shuka ta kusa."

Da safen da za mu taho, Maman Jummai ta tare mu a bakin ƙofa da langar cike da dambu, guzurin hanya. Kika damu ƙwarai, don ƙullinki ya ƙare, babu ko ƙwayar dabino. Ta ce, "Ki tafi da ita, Mama, in kin warke kya kawo mini." Kika ce, "Sai gyaɗata ta nuna. Da kaina zan cika miki ita."

Ruwan farko yana sauka kika sa aka kai ki gayaunarki ta bayan gida. Kina zaune a kan turmi, ni ina shuka gyaɗar, kina ce mini na cika nisa tsakanin rami da rami. Kin ga tsirowarta. Kin ga furenta. Da marka ta kankama kika daina fita. A cikin kwanakin ne kika nuna mini langar a saman kwabarki, kika ce, "Uwani, ta mutane ce. Ki cika ta, ki kai da ƙafarki."

Ranar wata Laraba da hantsi kika tafi, ana yayyafi.

Inna, shekarar nan ba ta zo da sauƙi ba. Taki ya gagari kowa. Ruwa kuma ya ɗauke tun gyaɗa ba ta gama ƙosawa ba. Da muka cire, rabin ƙwanson babu komai a ciki. Na zauna na ɓare, na fece, na ware irin baɗi a gefe kamar yadda kike yi, na zuba sauran a langa. Ba ta cika ba. Na girgiza ta, na sake dubawa, da saura.

Malam ya ce in cike da ta kasuwa, wa zai gane? Ya kuma ce ga yadda mota ta yi tsada, in ba wani direba ya kai mana. Ba da mugunta ya faɗa ba, gidan yake dubawa. Na ce masa gyaɗarki kika ce, ƙafata kuma kika ce. Na ɗauko irin na juye a kai. Sai ga ta ta cika har murfi yana ɗagawa. Na san abin da na yi: irin nan tun na kakata ne, kuma baɗi gayaunarki ba za ta gan shi ba. Da asuba Malam da kansa ya goya ni a babur zuwa bakin titi.

A mota na rungume langar a cinya tun daga Kano har tashar Kawo a Kaduna. Duk inda muka wuce sai in tuna abin da kika faɗa a wurin. Yaya Habu ya tare ni, ya sauke ni a ƙofar otal ɗin, ya koma bakin aiki.

Ɗakin cin abincin a rufe yake, an kifa kujerun a kan tebura. Maigadi ya ce baƙi sun ja baya, an sallami masu girki tun tsakiyar damina. Na tsaya da langa a hannu ban san gabas ba. Sai ya dubi langar ya ce, "Ke ce 'yar tsohuwar nan mai neman matar gida?" Ya kwatanta mini wata rumfa a bayan tashar mota.

Can na same ta, ta rame, tana zuba wa 'yan acaɓa shinkafa da wake. Langar ta fara gani kafin ni. Ta saki ludayi ta ce, "Uwani! Ina Mama?"

Murfin kawai na ɗaga.

Ta daɗe tana kallon gyaɗar. Sannan ta zauna a kan benci ta rufe fuska da gefen zaninta. Wani dattijo cikin masu cin abinci ya ce Allah Ya jiƙan musulmi, aka amsa da amin, ita ma ta amsa.

Ta zuba mini abinci ta ce sai na ci. Na ci, Inna, a bakin titi, a tsakiyar maza, ban ji komai ba. Na san hannun da ya dafa.

Ta hana ni neman masauki. A ɗakinta na kwana, ita da Jummai da ƙannenta. Ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta ajiye mini ruwa a buta, ta nuna mini alƙibla tun ban tambaya ba. Wannan karon na sauka a gidan da yake da uwa.

Da safe ta juye gyaɗar a tire tana wasa da ita a hannu. Ta ce a garinsu ma noma suke yi, ta san shekarar bana. Sai ta tambaye ni, "Kin dai ajiye iri?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Haba, Uwani. Haba." Ta zauna ta tsince manya-manyan ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a tsumma mai tsabta. Ta wanke langar, ta zuba busasshiyar cittar garinsu, ta ɗora ƙullin a kai, ta rufe, ta miƙo mini.

Na ce mata ai langarta ce, kawo mata ita na yi. Ta ce, "Mu ma a wajenmu kwano ba ya komawa da yunwa. Ki je ki shuka wa Mama. In ta nuna kya kawo mini."

To, Inna, amsar aikenki ke nan. Na kai, ta karɓa, ta gode. Amma langar tana nan a saman kwabarki, inda kika bar ta. Irin na rataye shi inda ɓera ba zai kai ba. Cittar kuwa ina sa wa Malam a kunu, yana cewa ta fi ta kasuwa yaji. In Allah Ya kai mu ruwan farko zan shuka, kuma ba zan cika nisa tsakanin rami da rami ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki. Yadda ba ki taɓa shiga gidan kowa ba tare da sallama ba, Allah Ya sa mala'ikun rahama su tare ki da sallama. Ya saukar da ke a masauki mafi kyau, Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna. Ita kuma baiwar Allahn nan da ta durƙusa a gabanki, Allah Ya buɗa mata, Ya raya mata 'ya'yanta. Amin.

Wassalam.

Taki har kullum,
Uwani