Kalmar da Ta Buɗe Ƙofar Jirgin

Lahadi, 5 ga Oktoba

Mun je silima da yamma, ni da maigidana Tihomir. Fim ɗin jirgin sararin samaniya ne. Mutanen jirgin duk suna barci cikin akwatunan ƙanƙara, mace ɗaya ta farka, na'urar da ke sarrafa jirgin ta kulle mata ɗakin tuƙi. A ƙarshe ta faɗi wata kalma, ƙofa ta buɗe, ta ceci kowa. Ni dai ya yi mini. Ban gama saka rigar sanyi ba Tisho, haka nake kiran maigidan, ya fara: "A ina ta samo kalmar? Wa ya gaya mata? Sun raina mana hankali."

Na ce ai shugaban jirgin ya rubuta mata da yatsa a jikin gilashin lambun da ke cikin jirgin, inda ya yi raɓa, kafin ya mutu. Ya ce sam ba a yi haka ba. Muka taho muna musu har muka haye gadar kogin Maritsa. Shi tsohon malamin kimiyya, ni tsohuwar mai duba kuskure a maɗaba'a. Tun da muka yi aure ba wanda ya taɓa bar wa wani.

Litinin, 6 ga Oktoba

Da safe muna cin banitsa, burodin nan mai cuku a ciki, ya ce, "Zorna, barci kika yi, kika ga abinki a mafarki." Na ce mai minshari a silima ai an san shi. Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ya zana mini jirgin a bayan takardar burodi, ga lambu, ga ɗakin tuƙi. Hujjarsa: in da ta san kalmar tun farko, me ya sa ta sha wahala rabin fim tana fasa bango? Wannan kam tambaya ce mai kyau. Na yini ina juya ta. Ina ganin ba ta gane cewa kalmar mabuɗi ce ba, ta ɗauka sallama ce yake mata. Mutum yakan riƙe abu a hannu bai san mene ne ba. Na gaya masa, ya ce na fi marubucin fim ɗin ƙoƙari.

Asabar, 11 ga Oktoba

Mun koma. Na ce sai ya gani da idonsa. Da aka zo wurin, ga shugaban jirgin jina-jina, ga yatsa a kan gilashi, Tisho ya matse mini hannu ya raɗa, "To, tsohuwa, kin ci." A hanya ya saya mini gasasshen kabewa, wai tarar wanda ya faɗi. Na ci ina masa gori har gida.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ina yanka albasar miyar wake ya shigo kicin. "Wannan fim ɗin har yanzu yana ba ni haushi. A ina ta samo kalmar?"

Na yi dariya, na zaci tsokana ce. Na juya. Na san fuskarsa ta tsokana, gefen bakinsa yakan motsa. Bai motsa ba. Na ce, jiya fa muka koma. Ya ce, "Muka koma ina?"

Miyar ta kama.

Talata, 14 ga Oktoba

Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Sai tuno abubuwa nake, waɗanda na gani na wuce. A bazara ya tambayi me ya sa maƙwabcinmu Anastas ba ya fitowa dara a ƙasan bene, alhali shi da kansa ya riƙe gefen akwatin gawarsa. Ranar da ya dawo daga kasuwa a makare ya ce bas ce ta sauya hanya. Ni da aikina kama kuskure. Waƙafi ɗaya bai taɓa kuɓuce mini a littafin wani ba.

Na kira 'yarmu Desislava a Sofiya. Da na gama yi mata bayani ta ce, "Mama, ki daina musu da shi. Duk abin da ya ce, ki ce e." Na ce in na yi haka ai zai ɗauka an sauya masa mata. Ba ta yi dariya ba. Za ta zo mu kai shi asibiti.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Likitar da ta duba shi yarinya ce, mai haƙuri. Ta sa ya zana agogo, ya zana har da yi mata bayanin yadda cikinsa ke aiki. Ta ba shi kalmomi ya riƙe, ta tambaye shi daga baya. Ya juyo ya kalle ni. Kallon nan ne ba zan iya rubutawa ba. Za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa wata mai zuwa. Ta ce kada mu yanke hukunci tukuna, amma ta faɗa tana kallon Desi, ba ni ba.

A bas ya ce, "Na faɗi jarrabawa ko?" Na ce ka taɓa kayar da ɗalibai da yawa, yau an rama musu. Ya yi murmushi yana kallon taga.

Talata, 28 ga Oktoba

Ya sake tayar da zancen. Na bi shawarar Desi. Na ce, gaskiyarka, Tisho, ba wanda ya gaya mata, sun yi kuskure.

Ya ajiye cokali. "Tun yaushe kike yarda da ni?" Na ce yau dai na yarda. Ya daɗe yana kallona. "Kar ki yi mini haka, Zorna. Haka ake yi wa marar lafiya." Ya tashi ya fita baranda, ya zauna cikin sanyi ba hula. Na kai masa, bai karɓa ba.

Ban san abin da ya sani ba. Ya san wani abu.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Ruwa tun safe. Muna ɓare gyaɗa a kicin ya ce, "A ina ta samo kalmar?"

Na ce, shugaban jirgin ya rubuta mata a gilashi, kai ne kake barci. Ya miƙe zaune, ido ya kawo haske. "Ni? Ke dai." Ya jawo takarda ya zana jirgin, ga lambu, ga ɗakin tuƙi. Ya ce in da ta sani, me ya sa ta fasa bango? Na yi kamar yau na fara ji. Na bari ya kai ƙarshe, ban katse shi ba, sannan na ba shi amsata a hankali, na bar masa ƙofar da zai kama ni. Ya kama ni kuwa. Ya ce hujjata ba ta da ƙafa, ya buga tebur, ɓawon gyaɗa ya watse.

Ba wai na canja ba ne. Har yanzu ni ke da gaskiya. Kawai dai yau ban yi saurin gamawa ba, kuma da ya tambaya ko za mu je mu gani da idonmu, na ce Asabar.