Gaisuwar Suruki a Tsakiyar Tsere

Lahadi da dare, Magariya

Na gama gudun famfalakin Damagaram, tun daga farko har ƙarshe. Ƙafafuna na cikin bokitin ruwan ɗumi, barci ya ƙi zuwa, sai murmushi nake ni kaɗai.

Duk gudun asubar da na sha a hanyar Kwaya bai shirya ni wa abin da ya faru ba. Mun doshi ƙarshe, daidai bakin kasuwa, sai na hango Baba Alhaji, mahaifin matata Hadiza, cikin 'yan kallo. Ashe gyaɗa ya kawo. Shi ne fa mai cewa da ni wai mushen lakwal, malamin makaranta guda, da iyalinsa, yana ta gudu ba abin da ya koro shi. Ga ni kuma da gajeren wando, gwiwa a waje. In wuce surukina ba gaisuwa? Na ratse na durƙusa, har na fara kwance igiyar takalmi, mutane na ta wuce ni.

"Baba, ina wuni? Ya mutan gida?"

Ya dube ni, ya dubi hanya. "Isufu, wa ya ce ka tsaya? Ga wani mai furfura can ya wuce ka. Tashi ka kamo shi."

Na tashi da ƙyar, cinyoyi sun ƙage. Ban kamo mai furfurar ba, amma na kai.

Ɗazu ya kira Hadiza a waya. Wai ta gaya mini baɗi a wurin da ake ƙarewa zai tsaya, in gaishe shi a can.